Gidan da Baba Taswira Ya Zaɓa

Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa motar ɗaukar gawa ta babban asibiti, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa ganin ya sauke gilashi ya tambayi hanya. Daga nan sunan ya samo asali. Masu gadin asibitin ne suka fara ce masa Taswira, da furfura ta fito aka ƙara masa Baba a gaba. Akan ba shi kwatance rabi da rabi, irin wanda mutum ke bayarwa yana kuka, ya shiga unguwar da bai taɓa takawa ba, ya rage gudu, ya tsaya cak a ƙofar gidan. In an tambaye shi yadda ya gane, sai ya ce gidan ne ke kiransa. Ba taron mutane yake bi ba, don sau da yawa yakan riga labarin isa. Wani irin shiru ne, in ji shi, kamar gidan ya riƙe numfashinsa.

Matarsa ba ta taɓa yarda da wannan zance ba.

"Girman kai ne kawai, Malam. Matambayi ba ya ɓata."

"To ni na taɓa ɓata?"

"Ranar auren ƙanwata fa? Sau uku muka zagaya gidan mai ɗaya, har yaran wurin suka fara gaishe mu."

"Wannan ai gidan murna ne. Ba fannina ba ne."

Da ya yi ritaya, wata huɗu ya zauna a gida. Ya gyara famfo, ya gyara fanka, ya kwance rediyon da lafiyarsa ƙalau ya kasa mayarwa. Matar ce da kanta ta jiyo cewa wata cibiya na neman direba mai hankali wanda bakinsa ba ya yoyo, ta goge masa riga ta tura shi.

Cibiyar ɗakuna uku ce a saman wani kantin magani, matakalarta ta baya take don mai hawa kada ya haɗu da mai sayen maganin tari. Aikinta matasa ne da iyayensu: yaron da barci ya ƙaurace masa tun da ya faɗi jarrabawa, yarinyar da ke sa riga mai dogon hannu a tsakiyar zafi don ɓoye abin da ta yi wa damtsenta, uban da ya zo kan ɗansa ya ɓige da yin kukan kansa. Akwai kujeru shida a ɗakin jira, da furen roba, da agogon bango da aka cire wa batir saboda wata yarinya ta ce ƙararsa na bin ta har gida. A ɗaki na biyu akwai waya da malamin da ke ɗaukarta. Ba ya tambayar sunan kowa. Yakan ba mai kira lamba, ya rubuta abin da aka faɗa a kati, ya saka a akwati.

Waɗanda ba za su iya hawa matakalar ba, su ake bi har gida, kuma nan Baba Taswira ya shigo. Motar ƙarama ce, ruwan toka, babu rubutu ko ɗaya a jikinta. Dokokin guda uku ne, ya haddace su tun ranar farko. Ana ajiye mota nesa da gidan. Ba a tambayar maƙwabta kwatance. Ba a faɗin abin da ya kawo mutum sai an shiga ciki an rufe ƙofa. Dalilin a fili yake: in unguwa ta ji cewa masu duba ƙwaƙwalwa sun shiga gidan wane, yarinyar za ta warke daga ciwon amma sunan ya yi ta bin ta har tsufa. Doka ta biyu ta fi yi masa daɗi. Ga shi abin da matarsa ke kira girman kai, a nan an rubuta shi an manna a bango.

Wadda yake kaiwa ana ce mata Sista. Shekara talatin ta yi tana jinya a sashen masu taɓin hankali kafin ta bar asibiti. Gajeriya ce, da ƙatuwar jaka da ba ta rabo da gorar ruwa da biskit da fararen takardu da fensir. Kullum suna hanya suna tsokanar juna.

"Baba, ka taka motar nan mana. Ba gawa ka ɗauko ba."

"Ai gawa ta fi ki daɗin ɗauka, Sista. Ba ta gyara wa direba tuƙi."

Amma ya ji daɗin aikin fiye da yadda yake nunawa. Ya taɓa ce wa matarsa, da can sai an gama komai ake kiransa, yanzu kuwa ana tafiya da shi tun da sauran magana.

Katin da ya jawo abin ya fito ne ranar wata Litinin da yamma. Mace ce ta kira da wayar aro, tana magana ƙasa-ƙasa da sauri. Ta ce yarinyarta, shekara goma sha shida, ta kulle kanta a ɗaki kwana shida. Ta rabar da littattafanta da takalmanta biyu. Ta ce wa uwar kada ta damu, an kusa hutawa da ita. Kada a kira lambar nan, ba tata ba ce. A zo da hantsi, lokacin da maigidan ya fita, don bai san ta kira ba. Kwatancen layi ɗaya ne: gidajen ma'aikata na bayan tankin ruwa, layi na uku, shuɗiyar ƙofa.

Sista ta karanta sau biyu. "Rabar da kaya ba wasa ba ne. Gobe da ƙarfe goma muna can."

Gidajen ma'aikatan duk uwa ɗaya ta haife su: bene babu, katanga ɗaya, taga biyu, ɗan fili a gaba. Suka ajiye mota a gindin tankin suka taka. A layi na uku Baba Taswira ya ja birki da ƙafarsa, don shuɗɗan ƙofofin biyu ne, kusan suna kallon juna. Ta hagu fentinta ya koɗe. Rediyo na ta zuba a ciki, ga keken yara a jingine, ga shanya cike da igiya, ga ƙamshin albasa a mai. Wata mace na shara a gaban ƙofar, ta ɗago ta dube su ta sunkuyar. Ta dama fentinta sabo ne, tagoginta a rufe, filin gabanta a share tas babu sawun kowa. Ko tsuntsu bai sauka a katangar ba.

Bai yi dogon tunani ba. Abin nan da ya sani ya taso masa daga tafin ƙafa zuwa ƙeya.

"Nan ne," ya ce, ya nufi dama.

Tsohuwa ce ta buɗe, siririya, da tabarau mai igiya. Ba ta tambaye su ko su wane ne ba. Ta matsa suka shiga, ta mayar da ƙofa. Sai a lokacin Sista ta ce daga cibiya suke, kan maganar yarinya.

"Na san za ku zo," in ji tsohuwar. "Kun dai daɗe."

"Ke ce mahaifiyarta?"

"Ni ce kakar, ni ce uwar. Tun tana wata bakwai take hannuna."

Ta kai su ta falo zuwa wani siririn lungu mai ɗakuna biyu. Na ƙarshen a rufe yake. A bakinsa akwai takalmin makaranta baƙi, an goge shi yana ƙyalli, da faranti a rufe a kan tire. Kaka ta kawo wa Sista kujera ta ajiye daidai ƙofar, kamar ta san yadda ake yi. Baba Taswira kuma ta ce ba zai tsaya a waje kamar mai jiran bashi ba, ta ba shi benci a bakin lungun da kofin ruwa.

Yadda Sista ke aiki ke nan: ba ta buga ƙofa, ba ta roƙo. Takan zauna ta faɗi ko ita wace ce, ta ce ba ta zo tilasta wa kowa ba, sannan ta yi ta magana a hankali kamar mai tsefe kai. Ta yi minti arba'in tana yi wa katako magana. Ta ce ta san gajiyar da barci ba ya maganinta. Ta ce ba sai an amsa mata ba, in ana ji a ɗan taɓa ƙyauren kawai. Ba a taɓa ba.

"Tana jin ki," in ji Kaka. "Kunya ce da ita. Haka take tun tana ƙarama."

"Tana cin abincin?"

"Wani lokaci a taɓa, wani lokaci a bari."

"Kaka, magunguna da wuƙaƙe da duk wani abu mai kaifi, a kawar da su daga inda hannunta zai kai."

"An riga an kwashe, 'yata. Tuni."

A mota Sista ta ce tsohuwar ta burge ta, ba kowace uwa ke da wannan natsuwar ba. Baba Taswira ya ce shi ruwan gidan ne bai yi masa ba, ɗanɗanonsa kamar ya kwana uku a kofi.

Laraba suka koma. Matar gidan hagu na shara a wuri ɗaya, ko da yake babu abin sharewa. Ta bi su da ido har suka shige. A ciki komai na nan yadda suka bar shi, sai dai an sauya farantin. Rigar makaranta da siket na rataye a igiyar tsakar gida, a bushe ƙayau. Ana cikin magana sai aka ji wani ɗan motsi a ɗakin, shuu, kamar an ja zane a kan katifa. Sista ta ɗaga yatsa. Fuskarta ta saki. Ta ciro farar takarda da fensir ta tura ta ƙarƙashin ƙofa.

"In baki ya yi nauyi, hannu ya yi magana," ta ce wa ƙofar. "Ko kalma ɗaya ce."

Baba Taswira ya lura gidan ba ya warin mutum biyu. Sabulu ɗaya ne a bakin famfo, buroshin haƙori ɗaya a kofi. Ya ce a ransa wataƙila nata na ciki.

Alhamis da yamma malamin waya ya ƙara layi a katin: matar ta sake kira, tana tambayar yaushe za a zo, na gaya mata an je sau biyu, ta yi shiru ta kashe. Sista ta karanta ta girgiza kai.

"Tsufa. Ta manta mun je. Gobe in ban ga yarinyar da idona ba, da likita zan dawo a buɗe ƙofar."

Juma'a da hantsi Kaka ta tarye su da murmushi, takarda a hannu.

"Ta amsa."

Sista ta karɓa. Rubutun manya-manya ne, yana rawa, kowane harafi an danna shi har ya huda takardar. Ina lafiya. Kada a buɗe. Ta daɗe tana kallonsa. Ba rubutun 'yar aji biyar ba ne, amma ta ga hannuwa da yawa da yunwa da rashin barci suka karkatar. Ta zauna a kujerarta ta ci gaba.

Shi kuwa ya zauna a bencinsa, idonsa na yawo don ba shi da abin yi. Idon ya sauka a kusurwar da lungun ya karya zuwa falo. A nan, daidai tsayin ƙugu, siminti ya ɓantare, an shafa fenti a kai amma ramin na nan. Taku ɗaya gaba, a katakon gefen ƙofar ɗakin, akwai wani ƙarcen a daidai wannan tsayin. Ya san wannan tabo. Shi da kansa ya yi irinsa a gidaje fiye da ɗari. Gadon ɗauka na asibiti ba ya juyawa a siririn lungu, dole kusurwar ƙarfensa ta ci bango, komai hankalin masu ɗauka. Ya duba ƙyauren. Ƙusoshin da ke riƙe da shi sababbi ne fil, katakon gefensu ya tsage. An taɓa cire ƙofar nan gaba ɗaya, an mayar. Ana yin haka ne in ƙofa na kulle ta ciki kuma wanda ke ciki ya daina amsawa.

Ya ajiye kofin a hankali. Kaka na tsaye a bakin kicin tana goge farantin da ya riga ya bushe.

"Kaka," ya ce, da muryar da ya yi shekara ashirin da biyu yana amfani da ita, "yaushe aka fita da ita?"

Sista ta juyo. Tsohuwar ba ta daina goge farantin ba.

"Wata biyar jiya."

"Suka dawo da ita?"

"A'a. Daga asibiti aka wuce." Ta ɗaga farantin ta duba shi a haske. "Amma ba ta son a riƙa faɗa."

Daga can ƙetaren layi ana jiyo rediyon gidan hagu yana tallan sabulu.

Sista ta miƙe ta kama hannun ƙofar. Ba a kulle take ba. Ɗakin ƙarami ne, a gyare. Jadawalin darasi na manne a bango, jakar makaranta na rataye a ƙusa. Tagar baya a ɗan buɗe take, labule na shafar gefen katifa yana komawa, shuu, shuu. A tsakiyar gadon akwai lotsawar jiki ɗan ƙarami, irin na tsohuwa. Fensirin Sista na kan matashi.

"Kaka," in ji Sista, "ke kika kira mu ranar Litinin?"

"Ni ba ni da waya, 'yata. Takardarku na tsinta a jakarta bayan an yi abin. Ta ninke ta huɗu, ta ja layi a ƙarƙashin lambar. Na ce to, ta kira ku ke nan, wata rana za ku zo. Da na ga kun tsaya a layi kuna dube-dube, na ce ga su nan."

Ba ƙarya hancin Baba Taswira ya yi ba, kuma wannan ne abin da ya fi ba shi tsoro. Ya kai su gidan da ya iya ganewa, gidan da aka riga aka gama. Gidan da ake cikin tsoron kada a gama, bai taɓa koyon kamanninsa ba. Kwana huɗu ke nan wata yarinya mai rai na bayan wata ƙofar, ta rabar da takalmanta, uwarta na jiran mutanen da aka ce mata sun zo sau biyu.

"Ɗaya ƙofar," ya ce. "Mai shara."

Sista ta riƙe hannuwan tsohuwar biyu. "Kaka, za mu dawo. Wurinki za mu dawo, kin ji? Talata."

"Ku gaya mata da kanku," in ji Kaka, ta nuna ɗakin da haɓa. "Ni ba ta jin maganata."

Tsakanin ƙofofin biyu bai fi taku ashirin ba. Daga baya ya ce bai taɓa tuƙi mai nisan wannan ba. Rana na tsaka, layin babu kowa. Tsintsiya na yashe a gaban ƙofar hagu, matar ba ta nan. Abin da ya fara yi shi ne saurare, ya kasa kunne yana neman shirun nan, yana roƙon Allah kada ya same shi. Rediyon ya hana shi jin komai. Sista ta ƙwanƙwasa. Ta sake. A karo na uku aka zare sakata.

Matar ba ta kai arba'in ba, amma idanunta sun faɗa. Ta dube su, ta dubi ƙofar da suka fito.

"Mu shiga tukuna," in ji Sista.

Da aka rufe ƙofa ta faɗi daga inda suke. Matar ta jingina da bango ta sulale har ƙasa.

"Ku ne? Ku ne kullum kuke wuce ni?"

"Mu ne."

"Na zaci 'yan gaisuwa ne, dangin tsohuwar. Na so in yi magana, na ce in ba su ba ne fa, na tona wa 'yata asiri a titi. Jiya na sake aron waya, mutumin ya ce min an rubuta kun zo gidana sau biyu. Na dawo na tsaya a falon nan ina duba kujeru. Na ce ko dai ni ce kaina ya taɓu, mutane na shigowa ba na ganinsu."

"Laifina ne, 'yata," in ji Baba Taswira. "Ni na zaɓi ƙofa. Na ji rediyo na ce gidan nan lafiya."

"Rediyon?" Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Don kada maƙwabta su ji ina roƙonta nake kunnawa, Baba."

Sista ta riga ta wuce. Lungun iri ɗaya ne da na can, ɗakin ƙarshe ne a nan ma. Babu takalmi a bakin ƙofar, babu tire. Ta ce a kashe rediyon. Da aka kashe, gidan ya yi tsit, Baba Taswira ya dafa bango.

"Yaushe kika ji motsinta na ƙarshe?"

"Da asuba ta fita banɗaki. Ta ce min na gode. Ban san na mene ne ba."

Wannan karon Sista ba ta nemi kujera ba. Ta durƙusa ta sa bakinta kusa da ramin makulli. Ta faɗi ko ita wace ce. Ta ce tun Talata ya kamata ta zo, ta yi ɓatan kai, kuma ba za ta ɓoye ba, ta ji tsoro. Ta ce tambaya ɗaya za ta yi kai tsaye, don ba ta iya kewaye-kewaye: kina tunanin kashe kanki?

Baba Taswira ya sami kansa yana auna faɗin lungun da ido, yana lissafin inda za a juya. Ya runtse ido don ya daina.

"Wa ya ce ki kira su, Mama?"

Daga cikin ɗakin muryar ta fito, cike da fushi. Uwar ta toshe bakinta da gefen mayafi.

"Ba ta kira don ta kunyata ki ba," in ji Sista. "Ni kuma ban ji amsata ba."

Sannan, ƙasa-ƙasa: "E."

"Yau?"

"Ban sani ba. Na ce in an tafi ɗauko su ƙanina daga makaranta."

Uwar ta duba agogon hannunta ba da niyya ba. Saura awa ɗaya da rabi.

"To na gode da kika gaya min gaskiya. Akwai abin da kika tanada a ɗakin?"

Aka ji an ja durowa. Makulli ya juya, ƙofar ta buɗe faɗin tafin hannu, wani siririn hannu ya miƙo safa ɗaya da aka ƙulle bakinta. Sista ta karɓa ba ta duba ba, ta miƙa wa Baba Taswira ta baya. Ya saka a aljihu. Ba ta da nauyi ko kaɗan, amma sai da ya ji rigarsa ta karkace.

Sai da aka yi kusan awa ɗaya ana magana ta wannan 'yar kafar kafin yarinyar ta yarda a je wurin likita, da sharaɗin uwarta za ta zauna kusa da ita kuma ba za a yi mata allura ba tare da an gaya mata ba. Uwar ta leƙa ta katanga ta roƙi maƙwabciya ta ɗauko yaran. Maganar maigida kuwa, ta ce in ya dawo ita za ta gaya masa da bakinta, abin da zai yi ya yi.

"Motar na gindin tanki," in ji Baba Taswira. "In kun fi so ku taka a hankali kamar masu zuwa kasuwa."

Uwar ta dubi ƙafafun 'yarta, da ke rawa a bakin ƙofa.

"Kawo ta nan, Baba. Wanda zai gani ya gani."

Ya kawo motar har bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba a aikin nan. Yarinyar ta fito cikin rigar sanyi mai girma, da silifas ɗin uwarta, tana kare ido daga rana. Ta shiga baya, uwar ta bi ta, Sista ta zauna gaba. Layin ba shi da faɗin juyawa, dole ya yi gaba kaɗan ya dawo da baya, hakan ya kai gefen motar daidai ƙofar dama.

Kaka na tsaye a wurin, da tire a hannu. Ta sauko daga dakalin a hankali, ta sunkuya ta leƙa gilashin baya. Ta daɗe tana kallo ta saman tabarau.

"Ashe kun fito da ita," ta ce.

Ƙafar Baba Taswira na kan birki. Yarinyar ce ta sauke gilashin.

"Kaka, ni ce. Ta gidan can."

"Na san ke ce. Ba ke kike zuwa aron littafin lissafi ba?" Ta gyara riƙon tiren. "Tawa ba ta fito ba. Ke ki je."

Ta buga rufin motar sau biyu da tafin hannu. Ya saki birki. A madubi ya ga ta tsaya a tsakiyar layi har suka kai tanki, sannan ta juya ta shiga da tirenta, ƙofar ta rufe.

Suka hau babban titi. Yarinyar ta ce ƙishirwa take ji. Sista ta buɗe jaka ta miƙa mata gora, suka yi ta jin ƙarar haɗiyarta har ta shanye.